Kwabbaina Suna Kan Rufin Ɗakinka

Diffa, tsakiyar damina, 2004

Zuwa ga ɗana Muhsinu, a Sabha, ƙasar Libiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya lau, kai da waɗanda kuke kwana ɗaki ɗaya, da duk wanda yake ce maka sannu a ƙasar mutane. Allah ya tsare ka da ciwo, ya tsare ka da ubangida mai baƙar zuciya, ya tsare ka da ɗan sandan da ba ya jin Hausa, ba ya jin Kanuri, ba ya jin magiya. Amin. Hamma mai kai raguna ne zai miƙa maka ita, saboda haka in ka ji tana warin tunkiya kada ka zargi ubanka, na yi wanka kafin in zauna. Rubutun kuma sai ka yi haƙuri da shi. Ka dai san tarihina: ina aji huɗu a lakol, makarantar boko, mushe malaminmu ya taka har gida ya gaya wa kakanka cewa gonar tattasai ta fi shi bukatata, kakanka kuwa ya yi masa godiya har da kyautar kifi. Ɗan abin da na kwaso kafin a rufe mini ƙofa, shi nake ta juyawa har yau.

Mu nan lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Ruwan kogin Komadugu ya iso, ya kai har gindin tsamiyar nan da mata suke wanki, yayanka Abbakar ya fara shirin dashe. Injin ban ruwa yana nan yana tari kamar ni da asuba, sai dai shi in ya yi tari ana rugawa a kira mai gyara. Mahaifiyarka Yakaka gwiwa ce kawai take damunta, bakinta kuwa lafiyarsa ƙalau, Allah ya ƙara masa. Ƙanwarka Nabila ta sauka a Maine, mace, an sa mata Asta. Na je suna, na duba jaririyar da kyau, na ga hancina ta ɗauko, na ba iyayenta haƙuri. Gidan yanzu a hannun Abbakar yake, kamar yadda ka sani. Shi ke magana da 'yan kasuwar Damasak, shi ke cewa a sayar ko a bari. Ni an bar mini tabarma da buta da ba wa baƙi dariya. Ban ce ba daɗi ba, aiki ne mara gumi.

To, ga abin da ya sa na ari biro. Maganar tsofaffin kwabbaina ce, kuma kai zan gaya wa domin a duk gidan nan kai kaɗai ka taɓa tambayata sunan ƙasar da ke jikin wani kwabo ba don ka yi mini ba'a ba. Sauran kuwa ka san sunan da suka sa mini tun kana nan, wai daraktan bankin matattun kuɗi. Har liman ya taɓa kirana da shi a wurin ɗaurin aure, na amsa. Ni dai ban taɓa cewa abin yana da amfani ba. Wani yana kiwon tantabara, wani yana shan taba, wani yana ƙara aure, ni kuma ina tara kuɗin da ba su sayen ko ashana. Ba su ci, ba su sha, ba su yi wa maƙwabci ɓarna a gona. Ka tuna yadda nake ajiye su: marasa huji ina naɗe kowane cikin ƙyalle a jakar fata ƙarƙashin katifata, masu huji kuma na zura su a igiyar fata, na naɗe igiyar cikin babban gwangwanin madara, na ɗora a kan adakar mahaifiyarka.

Bari in fara da mai daɗi, don ka san ubanka bai yi ritaya ba. Sabuwar dala ɗarin nan ta ƙarfe mai launi biyu, ta farko da ta faɗo hannuna a kasuwar Talata ban bari ta wuce ba, tana ƙyalli ko yatsa bai ɓata ta ba, na naɗe ta. Abbakar ya ce a duk tarin ita kaɗai ce mai rai, ita ma na binne ta da ranta. Wani direba da ya zo daga arewa ya ba ni kuɗin Aljeriya mai kan zaki, ladan labarin da na ba shi lokacin da ake cika masa taya. Na kuma samu sefar wancan ɓangare, ta su Chadi, wadda sunanta ɗaya da tamu amma in ka miƙa wa mai ƙosai sai ta dube ka kamar ka zage ta. Waɗannan duk ƙanana ne. Babbar ita ce gursu. Ka tuna gursu, azurfar nan mai faɗi da nake ba ka labari, mai hoton wata mace mai ƙiba a gefe ɗaya, da tsuntsu mai kai biyu a ɗaya gefen, wadda kakanninmu suke sayen raƙumi da ita. Tun ina saurayi nake neman wadda maƙera ba su taɓa ba, domin duk wadda na gani, ko an liƙa mata kunne an rataya, ko an narka rabinta an yi zobe.

Ana dab da saukar ruwa sai abokina Ari, mai sayar da bandar kifi a Bosso, ya aiko mini cewa wata tsohuwa 'yar Buduma ta fito daga wani tsibirin tafkin Chadi da gursu lafiyayya, za ta kai wa maƙeri ya yi wa jikarta awarwaro, in ina so in yi sauri kafin ta shiga wuta. Muhsinu, ban tsaya ko canja riga ba. Na hau motar kifi, na zauna a kan kwali, a Barwa motar ta ce ita nan ta gaji, muka kwana biyu muna kallon direba yana zagin ƙarfe. Da na isa Bosso ina warin da kyanwoyin garin suka yi mini rakiya har ƙofar Ari. Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi Ari ko ni maƙeri ne, ya ce a'a. Ko boka ne, ya ce a'a. Ta ce to me namiji mai furfura zai yi da ita. Ari ya ce kallo zai riƙa yi. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce a ba ta turmin atamfa da taba gari ta bar wa mahaukaci kayansa. Aka ba ta. Na ɗaura gursu a lalitata, na dawo gida ina tafiya kamar wanda ya sauko daga jirgin alhazai.

Yanzu sai ka gyara zama. Ɗakin nan da ka yi tarho ka ce a gina maka, a rufa shi da tol, kwanon rufi, kafin ruwa, domin kana zuwa da ƙaramar Sallah, tun bazara aka gama bangonsa. Ina Bosso Abbakar ya sayo tol, ya kira Grema kafinta. Ka san iskar da ke zuwa gaban ruwa a garin nan, wadda take ɗauke rufin mutum ta kai wa maƙwabcinsa kyauta. Saboda ita ne ba a buga ƙusa tsirara a kan tol, sai an sa mata wosha, ɗan ƙarfen nan zagayayye mai huji da ke zama ƙarƙashin kan ƙusa don kada tol ya yage ya fita. To Grema ya hau, ya buɗe jaka, ya ga woshar da aka sayo ba ta kai ko layi biyu ba, ga hadari yana haɗuwa a gabas. Abbakar ya ce a tsinto marfin kwalba kamar yadda kowa ke yi. Grema ya ce shi ba ya aikin marfin kwalba, damina ɗaya take cinye shi, a zo ana zaginsa. Ya ce maigidansa da ya koya masa aiki da kwabo mai huji yake rufi, ba ya tsatsa, hujinsa kuma daidai ƙusa kamar Turawan don haka suka yi shi, ko akwai irinsa a gidan nan. Ko akwai! A duk Diffa wa bai san inda yake ba? Abbakar ya shiga wurin mahaifiyarka, ta sauko da gwangwani, aka sa wuƙa aka yanke igiya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na yaba aikin kafin in sani. Ina shigowa gida na ga rufi yana walƙiya, na tsaya tsakar gida na ce kai, wannan ko gidan prefe mai mulkin garin sai haka, Allah ya yi wa hannun Grema albarka. Har na ce wa Abbakar kawunan ƙusoshin nan sun yi kyau, kamar an yi wa ɗakin ado. Ya ce ai kuwa, Baba. Na shiga ɗaki don in nuna wa tsofaffin kwabbaina baƙuwar da na kawo musu, na ɗaga gwangwani na ji shi sakayau. Na buɗe, igiya ce kaɗai a ciki, ta naɗe kamar mataccen maciji.

Na fito da igiyar a hannu na tambayi wanda ya taɓa mini kaya. Abbakar, yana wanke hannu, ya ce in yi murna, yau dai bankina ya yi wa wani amfani. Duk gidan aka kwashe da dariya. Na ce wallahi ba wasa nake ba. Aka ƙara dariya. Na ɗaga murya, na ce an shiga ɗakina an yanka mini abin da na tara tun kafin a haifi kowannensu. Mariama matar yayanka ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna girgiza. Maƙwabcinmu Ɗalha ya leƙo ta katanga ya ce in sake faɗin wurin nan na yankawa, bai ji farkon ba. Muhsinu, a ranar na gane abin da na yi wa kaina. Mutumin da ya shekara sittin yana murtuke fuska don a yi dariya, ranar da ya murtuke ta da gaske ba shi da wata fuskar da zai ɗauko. Na koma ɗaki na zauna. Ba wanda ya biyo ni, domin a ganinsu wasan ya ƙare, ya kuma yi kyau.

Kashegari labari ya riga ni zuwa masallaci. Ana idar da sallar azahar aka kewaye ni, wai in ba da shi da bakina, domin na Ɗalha ba gishiri. Kana tsammanin na ƙi? Na ba su. Na kwaikwayi tafiyar Grema, na kwaikwayi kaina ina yabon rufi, na ƙara abin da bai faru ba, har ladan ya ce in tsaya ya numfasa. Na dawo gida bakina yana ɗaci kamar na tauna ganyen bedi, dogon yaro. Wannan shi ne ubanka. In ka ga an kai ni kabari ana dariya, kada ka ji haushin kowa, ni na koya musu.

Su a wurinsu ƙarfe ne mai huji. Ni kuwa na san kowane da inda ya fito. Akwai aninan da kakanka ya dawo da su daga Yerwa a aljihun rigar da ya yi aure da ita, masu tauraro da rubutun Larabci. Akwai kwabon da wani tsohon soja na Gaidam ya ba ni, mai hoton haƙoran giwa, ya ce daga ƙasar da aka kai su yaƙi ya zo da shi, kuma shi kaɗai ne abin da ya samu a yaƙin ban da tari. Akwai na Masar wanda gwaggona ta kawo, ita da ta tafi Makka da ƙafa tana budurwa ta dawo da jikoki. Akwai ƙananan na Faransa da fartanyata ta tono lokacin da muke yanka hanyar ruwa a gonar bakin kogi, na wanke su da hannuna na ga shekarar da ke jiki ta girmi ubana. Waɗanda suka ba ni su duk sun mutu. Ba ni da hotonsu, ba ni da rigarsu. In na zauna da hantsi na zazzage igiyar nan a tabarma, sai in ga kamar sun zo gaisuwa. Wannan maganar ban taɓa gaya wa kowa ba, domin in na faɗa za a jira ƙarshenta a yi dariya.

Duk da haka na haɗiye. Na ce wa kaina, Fannami, ai ba a kan ɗakin baƙo suke ba. Yaron nan zai zo da Sallah, ya kwanta a ƙarƙashinsu, kakansa da gwaggon ubansa suna tare masa ruwa. Har na fara shirya yadda zan ba ka labarin ranar da ka iso, in sa ka dariya kai ma. Ana nan sai Hamma ya dawo daga wurinku da saƙonka. Shayin ya iso, mun gode. Bargon mahaifiyarka ya iso, ta ƙi shimfiɗa shi, tana nuna wa mata. Sai ya zaro ɗan ƙullin takarda ya ce wannan na Baba ne. Na yi zaton dirhamin Libiya ne irin waɗanda ka saba aiko mini. Na kwance na ga wani abu mai launi biyu da taswira a jiki. Ni ban gama lakol ba, amma shekarun da na yi ina ƙura wa kwabbai ido ba a banza suka tafi ba. Na san kuɗin Turai ne, sabon nan da ƙasashensu suka haɗu a kai, wanda ake ce wa yuro. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, domin ba ni da shi. Murnar ba ta kai na gama kofin shayi ba, sai na tambayi kaina me kuɗin Turai yake yi a aljihun mai ɗaukar siminti a Sabha.

Na tambayi Hamma. Ya ce shi raguna ya sani. Na sake tambaya, ya fara ba ni labarin tsadar ciyawa a Dirku. Na ce masa ni na yi wa ubansa rakiyar neman aure, ya dube ni ya faɗa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce wani abokinka da ya haye teku ne ya aiko maka da shi, kuma kai ma da ƙarshen damina za ka bar Sabha ka nufi Tarabulus, ka riga ka yi magana da masu jirgin ruwa. Ya ce maganar Sallah babu ita. Ya ce ka roƙe shi kada ya faɗa sai ka isa can ka yi tarho da kanka. Kada ka ji haushinsa, ni na matsa masa. Da ba ka so in sani, da ba ka aiko wa mai tara kwabbai da kwabo ba.

Da na gaya wa mahaifiyarka ba ta yi kuka ba, na fi son da ta yi. Ta ci gaba da tsince shinkafa, ta ce gwangwanina ne ya koya maka cewa akwai wasu ƙasashe. Ta ce tun kana ƙarami nake zaunar da kai ina cewa wannan daga nan, wannan daga can, har garinmu ya yi maka kaɗan. Ta ce ranar da Grema ya tambaya ba ruɗewa ta yi ba, da hannunta ta sauko da shi, ta kuma san abin da take yi. Gara a kafe su da ƙusa wuri ɗaya kafin su ɗauke mata jika kamar yadda suka ɗauke mata ɗa. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa neman abin ba'a a bakina na rasa ba sai ranar. Ban yarda da maganarta ba, ka sani. Samarin unguwar nan da suka tafi, iyayensu ba su tara ko marfin kwalba. Amma ban amsa mata ba, domin uwa ce, kuma tana bukatar wanda za ta ɗora wa, ni ne kuma a kusa.

Da gari ya waye na ce to, tunda mai ɗaki ba ya zuwa, kakanninsa ba za su zauna a rana suna gadin katifa ba. Na ari tsani a wurin Ɗalha, na ɗauki awartaki, na hau. Gwiwoyina suna ta yi mini nasiha, ban saurare su ba. Da na kai sama na gan su jere, layi bayan layi, kamar sahun Idi. Sai dai Grema mutum ne mai tsoron Allah a aikinsa, ba ya yi wa ƙusa bugun wasa. Kowane kwabo ya lotsa, ya bi ƙugun tol ya lanƙwashe, guduma ta shafe tauraro ta shafe rubutu. Na kama ƙusa ɗaya na yi ta fama har ta fito. Abin da ya faɗo tafin hannuna kamar ɓawon gyaɗa ne na ƙarfe. Na juya shi, na tofa masa yawu, na goge da riga, wallahi ban iya sanin na kakanka ne ko na sojan Gaidam ba. Na duba sauran, duk haka suke. Na zauna a kan rufin nan rana tana gasa ni ta sama, tol yana gasa ni ta ƙasa. Wani mai amalanke da ke wucewa ya ɗaga kai ya tambaya ko an buɗe banki yau. Na ɗaga masa hannu. Na sauko da guda ɗayan nan, na bar sauran, domin babu abin da zan ceto.

Inda na cire ƙusar ya bar huji. Da aka yi ruwa ranar Juma'a sai ya riƙa ɗiga a ciki, daidai kan sabuwar katifar da mahaifiyarka ta saya maka ta lulluɓe da zane. Ta ja katifar gefe, ta sa tasa a wurin. Abbakar ya ɗauko kwalta zai hau ya toshe. Na tsaya a gindin tsani na ce ba mai taɓa hujin nan. Ya fara murmushi yana jiran sauran maganar. Babu saura. Ban san abin da ya gani a fuskata ba, amma ya ajiye kwalta, Mariama ta shige madafa, ko Ɗalha bai leƙo ba. Ashe ana iya jina, sai dai an makara. Grema ya zo ya duba, ya ce ƙaramin abu ne yanzu, amma in an bar shi iska za ta samu wurin kamawa, ta yi ta girgiza wannan fallen har ta sassauta na kusa da shi, shekara ɗaya ko biyu a wayi gari rufin yana gidan wani. Na ce na ji, Allah ya saka da alheri.

Saboda haka ga maganata, ɗana, kuma ka karanta ta a hankali, babu dariya a ƙarshenta. Za ka ji wani abu mai nauyi a kusurwar ambulan. Yuronka ne na mayar maka. Tun da nake ban taɓa mayar da kwabon da ya shigo hannuna ba, har wanda aka ba ni don a raina ni. Wannan ba na so. Ba shi da huji, ko Grema ba zai karɓe shi ba. In ka haye tekun nan, Allah ya kiyaye ka, amma kada ka aiko mini da kuɗin kowace ƙasa, ba zan kwance ƙullin ba. Na ji a rediyo yadda jiragen nan suke, na kuma ga kwalekwalen Bosso da ido, wanda ko a tafki in an cika shi sai an yi ta salati. Kai da ko Komadugu ba ka iya hayewa sai ka riƙe gora. Ba ni da gonar da zan yi maka alkawari, tana hannun yayanka, ba ni da abin da zan tsorata ka da shi. Ba zan kuma yi maka baki ba, Allah ya kiyashe ni. Abin da nake da shi ɗaki ne da aka rufa da duk mutanen da na rasa, yana yoyo ta wuri ɗaya. Na hana kowa toshewa, ni ma ba zan toshe ba. Ɗakinka ne, kai ka ce a gina. In kana so ya tsaya, ka zo da Sallah ka hau ka toshe shi da hannunka, aikin da bai fi shan shayi ba, ni zan riƙe maka tsani. In kuwa ba ka zo ba, zan zauna a tabarmata in ga yadda iska za ta yi da shi, kuma wannan labarin ba zan ba da shi a masallaci ba.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ta ce in rubuta maka ka riƙa cin abinci, na rubuta. Ita ce take zubar da ruwan tasar in ta cika, ba ta bari kowa ya taɓa, kuma ba ta ce mini a toshe ba. Abbakar da Mariama suna gaishe ka, Nabila da mijinta sun aiko da tasu gaisuwar daga Maine. Ari ya ce in gaya maka ya ware maka bandar da ba ta sayarwa ba ce. Grema yana gaishe ka, ya ce aikinsa ba shi da laifi, gaskiyarsa kuma. Ka gaishe mini da Mamman Sani ɗan gidan Bulama in har yanzu kuna tare, ka ce masa uwarsa tana zuwa gidan nan kullum tana tambayar ko Hamma ya zo da wani abu, ya ji tsoron Allah ya aiko ko da layi biyu. Hamma zai juyo bayan ya sauke raguna. Kada ka ba shi shayi, kada ka ba shi bargo. Ka ba shi amsa, ko ka hau motar tare da shi.

Allah ya tsare ka, ya shirya ka, ya karkato da ƙafarka gida. Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Fannami